Ma'ana ta Biyu

Hayyin Ashir, Alƙahira
3 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi, sai dai hawan jinina ya tashi tun ranar Alhamis, kuma yanzu za ki ji dalili. Uwargida Mahasin tana gaishe ki. Gaisuwar da na sa a sama ta al'ada ce, ta zumunci sai na ji amsarki.

Kafin in shiga magana, bari in tuna miki wanda yake rubuto miki. Na bar Gumel da aji uku na sakandare da jaka ɗaya, ba wanda ya raka ni tasha. Na yi shekara huɗu a Omdurman ina wanke kwalaben turare. Na shigo Masar ta jirgin ruwa, na kwana a masallatan Abbasiya, Larabci kuwa a bakin titi na tsince shi. Tukunyar tatar wardi ta farko ni na zana ta a bayan kwali, na kai wa maƙeri, na tsaya a kansa har ya ƙera. Yau ina da shago a Ashir, ina da ma'aikata a bayan unguwar Faisal mai tukwane shida na jan ƙarfe. Daga Sudanawa har matan ofishin jakadanci, ba mai aurar da 'ya bai sayi ruwan wardi da ruhin na'ana'a a hannuna ba. Wa ya ba ni? Allah kaɗai. A zuriyar kakanmu kaf, ki nuna min mutum ɗaya da ya taɓa ce min "ga wannan ka ƙara".

Abu ɗaya tak na taɓa roƙa a wurin dangi. Na ce ki riƙe min 'yata Tasneem a gidanki shekara biyu, ta koyo tatar ruhin furanni irin ta zamani, ta dawo ta gaje ni.

To ga abin da ya faru. Takardar da kwalejin ta aiko cewa an ɗauke ta, kin san na sa ta a gilashi na rataye a shago, saman teburina. Ranar Alhamis da hantsi Jesse ya shigo, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, ɗan Kafanchan, tsohon mai cinikina. Hamad mai gahawa na maƙwabta yana zaune yana kurɓa. Jesse ya ɗaga kai ya ce:

"Alhaji, na daɗe ina so in faɗa maka, gaskiya kana burge ni."

Na ce, "Ai ba kai kaɗai ba."

Ya ce, "A'a, zancen yarinyar nan nake yi. Mu da ba a hana mu ba ma, da wuya mu tura 'ya mace ta koyi wannan aikin. Kai kuwa Alhaji guda, har da sawa a gilashi."

Na ce, "Wane aiki? Tatar turare abin kunya ne?"

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Alhaji, wa ya karanta maka takardar nan?"

Na ce, "Na yi maka kama da wanda ake karanta wa takarda?"

Sai ya rage murya, amma ba ragewar da za ta hana Hamad ji ba, ya ce, "Wannan fa kwas ɗin dafa giya ne da tatar barasa."

Lauratu, giya! Barasa! Kofin Hamad ya faɗi ya tarwatse. Ni kuwa ji na yi ƙasa tana tafiya da ni. Wata goma sha bakwai takardar nan tana bangona. Wata goma sha bakwai duk mai jin Turancin da ya shigo sai na nuna masa da yatsa, ya yi murmushi, ni kuma in ɗauka murmushin taya murna ne. Limamai sun zauna a ƙarƙashinta. Ustaz Fadl, malaminmu na Abbasiya, a ƙarƙashinta ya sa wa yarinyar albarka.

Kafin la'asar Ashir ta ɗauka. Jiya bayan Juma'a ina neman takalmina, Husam mai gyaran waya, wanda a gabana aka yi sunansa, ya raɗa min, "Alhaji, idan injiniya ta dawo a ajiye mana kwalbar farko." Ni! Ni da ko turaren da aka sa wa barasa ba na sayarwa!

Ni na san abin da na zaɓa mata da hannuna: tatar ruhi, da hoton tukunyar jan ƙarfe irin tawa sak a jikin littafin kwalejin. Saboda haka wani ne ya canza, ko ita lokacin da take cikewa a kwamfuta, ko da shawararki. Ina so ki amsa min tambaya uku. Wa ya canza? Tun yaushe kika sani? Ta uku: ta sha, ko ba ta sha ba?

Ta kira ni sau goma sha ɗaya, ban ɗauka ba. Ke ma kada ki aiko min da saƙon murya, magana iska ce. Ki rubuta da hannunki kamar yadda na yi, ki ɗauki hoto ki turo. In amsar ba ta gamsar da ni ba, za ta dawo gida, wata huɗun da suka rage mata su bi ruwa. Khalas.

Yayanki,
Abdulwahab Ilu Gumel

*

Sikotilan
5 ga Fabrairu

Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Na karɓi gaisuwar al'ada, na mayar maka da ta zumunci. Muna lafiya, sai sanyi da ya hana mu sakat. Don Allah ka haɗiyi maganin hawan jininka kafin ka ci gaba da karatu. Wannan ma'aikaciyar jinya ce take magana, ba ƙanwa ba.

Jerin abubuwan da ka yi kai kaɗai na karanta. Wannan ne karo na tara da ka aiko min da shi, kuma har yau ban ga ƙarya a ciki ba.

Tambayarka ta farko zan bar ta sai ƙarshe, don ina so ka samu wuri ka zauna tukuna.

Ta biyu, tun yaushe na sani? Tun makon farko. Ranar wata Laraba ta dawo daga kwaleji, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna a ƙasan kicin tana kuka. Ta je neman a sauya mata kwas, aka ce mata ba zai yiwu ba, don takardar izinin zamanta a ƙasar nan a ɗaure take da wannan kwas ɗin. Ban faɗa maka ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Sau biyu na kira ka da niyyar faɗa, duka biyun ka cika min kunne da labarin gilashin da ka sa wa takardar, da yadda hassada ta kusa kashe Hamad. Na rasa ta inda zan shiga.

Ta uku kuma, na san ita ce ta hana ka cin abinci. Tunda gaskiya ka nema, ba zan rage maka komai ba. Ni nake ganinta safe da yamma wata goma sha bakwai, kuma ko a gaban Allah zan maimaita, Yaya, yarinyar nan ta sha

*

Hayyin Ashir
6 ga Fabrairu

Lauratu,

Ga gaisuwa nan don kada a ce ban yi ba. Lafiya kuwa babu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta. Na karanta sau bakwai, ko kalmar za ta canza. "Ta sha." Har da rantsuwa. Na ga ke kanki kunya ta hana ki ƙarasawa, ko sunanki ba ki iya sawa a ƙasa ba. Tambayar farko ma da kika ce za ki amsa a ƙarshe kin haɗiye ta. Ba sai kin amsa ba, shirun ya ishe ni.

'Yar da na yi wa huɗuba da bakina. 'Yar da tun tana shekara biyar nake rufe mata ido, in miƙa mata kwalba, ta ce min, "Baba, wannan wardin safiya ne, wancan na rana ne." Hancin da na raina kamar ƙwai, shi aka kai ɗakin giya, baki kuma ya bi.

Na karanta wa uwarta. Mahasin ta zauna a ƙasa, tun jiya take jan carbi. Na sauke takardar daga bango. Wurin ya bar fari fat mai kusurwa huɗu, duk wanda ya shigo can idonsa yake fara zuwa. Na rufe shago. Shekara ashirin da shida, ko ranar da aka yi min aikin ido ban rufe shagon nan ba.

Na yanki tikiti. Ranar sha biyar ga Maris za ta taso, ta ƙarasa azumi a gaban uwarta. Da na samu wanda ya fi kusa da shi zan yanka, sai dai na ba ta lokaci ta sallami makarantar da mutunci, don mu ba ma barin wuri kamar ɓarayi. Ki gaya mata ba shawara nake nema ba. Takardar shaidar kuwa su riƙe abinsu, ba a shigo min da ita gida.

Ke kuma, na ba ki amana, kin zuba ido. Allah ya isa ba zan ce ba, saboda kabarin kakanmu ɗaya. Amma daga yau na kashe wayar nan, na sa ta a aljihun tebur na kulle. Kada ki wahalar da kanki.

Abdulwahab

*

Sikotilan
18 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan jiki da sauƙi, da fatan Mahasin ta samu ta ci wani abu. Mu nan Tasneem ta rame har zobenta yana zamewa.

Tunda ka kulle waya, ka kuma hana Mahasin ɗaukar tata, na ba Widad wannan ambulan. Abokiyar aikina ce, za ta je ganin mahaifiyarta a Faisal, ta yi min alkawarin ba za ta bar shagonka ba sai ta ga ka buɗe ambulan ɗin.

Yaya, kai da kake cike takardun kwastan, ka taɓa ganin wasiƙar da ta ƙare ba aya, ba sallama? Shafi biyu na rubuta! Hoton na biyun ne ya maƙale bai tafi ba, ni kuma ina wurin aiki, ban lura ba sai da tsawarka ta iso. Ga shafin nan na asali a cikin ambulan. Ka haɗa shi da na farko ka karanta. Kalmarsa ta farko ita ce "wahala". Yarinyar nan ta sha wahala. Ko ɗigo bai taɓa shiga bakinta ba, na rantse da wanda raina yake hannunsa.

A kwas ɗin akwai darasin ɗanɗano. Ranar farko ta miƙe a gaban aji ta ce addininta ya hana ta. Aka ce to da me za ta ci jarrabawa? Ta ce da hanci. Suka yi dariya. Malamar ta jera mata kofuna goma sha biyu, ta shinshina, ta faɗi wanda wuta ta yi wa yawa, da wanda tukunyarsa ba ta wanku ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake dariya. Hancin da kake kuka a kansa, shi ya tsare mata baki.

Ba zan yi maka kwaskwarima ba. A shekarar farko ta shiga ɗakin da ake dafa abin, ta auna zafi, ta rubuta sakamako, ta dawo gida ta wanke kayanta sau biyu tana kuka. Sai da muka yi ta zarya, da takardar limamin masallacinmu, kafin aka mayar da ita ɓangaren ruwan tsirrai da abin sha marar barasa. Can take tun bara.

Yanzu tambayarka ta farko. Ka zauna?

Ba wanda ya canza komai. A cikin ambulan akwai wata takarda mai layi-layi, Tasneem ta adana ta a cikin littafinta. Rubutunka ne. Kai ka kwafo sunan kwas ɗin daga littafin kwalejin, ka ba ta ka ce ta sa a kwamfuta harafi da harafi. Ka ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar spirits, ka rubuta "ruhi" a gefe da jan biro. A saman brewing ka rubuta "dafa ganye, kamar shayi". Ka sa hannu a ƙasa, da kwanan wata.

Ta ce maka, "Baba, wannan kalmar tana da wata ma'anar." Ka ce, "Ni za ki koya wa Turanci? Tun ba a haife ki ba nake rubuta wa Turawa wasiƙa." Bayan kwana biyu ta sake ɗaukowa, ka ce in ba ta son gadon sana'arka ta faɗa kai tsaye, ta daina fakewa da kalmomi. Sai ta ce a ranta in ta iso za ta sauya. Ka ga yadda sauyin ya kasance. Da Jesse ya fasa ƙwan, sau goma sha ɗaya ta kira, ba don ta wanke kanta ba. So take ta ce maka ka bar mutane su ɗauka ita ce ta canza. Wai ita yarinya ce, za a manta, kai kuwa sunanka shi ne jarinka.

Abu na ƙarshe a ambulan, wata 'yar kwalba a naɗe cikin safa. Ba za ta cije ka ba. Ka buɗe ka shinshina.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Lauratu

*

Sikotilan
2 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Widad ta ce a gabanta ka buɗe ambulan, ka karanta a tsaye, sannan ka nemi kujera. Ta ce ko ruwa ba ka ba ta ba, abin da ba halinka ba. Yau kwana goma sha biyu, shiru. Na turo wannan ta wayar Mahasin, ko Allah zai sa a duba.

Tasneem ta haɗa kayanta. Ta ce umarninka ne, za ta bi. Ranar Litinin ta sama za ta kai takardar janyewa, in ta kai kuma shi ke nan, ba a dawo da ita.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in faɗa maka abin da ke cikin kwalbar. Aikinta ne na kammalawa. Ta ce duk bazara ruwan wardinka yana tsami bayan wata uku, kana zubar da jarka-jarka kana cewa zafin Masar ne. Ta gano ba zafi ba ne kaɗai, wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, irin waɗanda aka koya musu a darasin da kake ƙyama. Ta samo yadda za a hana su ba tare da an ɗiga barasa ba. Wanda ke hannunka tun watan Agusta ta tace shi, ta ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Ta sa wa aikin suna, wai gyaran hanyar gargajiya ta masu turaren Alƙahira.

Saura kwana tara, Yaya.

Lauratu

*

Hayyin Ashir
8 ga Maris, bayan Juma'a

Ƙanwata Lauratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan gaisuwar ta zumunci ce. Ina fatan kuna lafiya. Jinina ya sauka kaɗan, Mahasin ta fara cin abinci, har ta fara yi min faɗa, alamar lafiya ta samu ke nan.

Kin ce na yi shiru. Me zan ce? Na dubi takardar nan mai layi-layi ta gaba, na dube ta ta baya, na kai ta bakin taga. Na so in ce an kwaikwayi hannuna, amma ba mai yin "h" irin tawa a duniya. Na hau kan kujera na sauko da ƙaramin ƙamus ɗin da na zo da shi daga Gumel, wanda bangonsa ya cire. Na buɗe. Ga spirit, ma'ana ta farko: ruhi. Har da alamar jan birona a wurin. Ma'ana ta biyu, barasa, tana ƙasa da ita, Lauratu, ko faɗin yatsa babu tsakaninsu. Na ga ta farko ta yi daidai da abin da nake so, mu da muke cewa ruhin wardi, ruhin na'ana'a, sai na rufe littafin. Ɗaya kalmar kuwa a jikin kwalin shayi na saba ganinta, ban ma duba ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ina zaune da ƙamus a cinya, Mahasin tana dafa min gahawa a kan ɗan murhun nan namu na sibirto. Ta ce, "Abu Tasneem, wai mece ce kalmar da ta jawo mana wannan duka?" Na faɗa mata. Ta dubi murhun, ta dube ni. Ta ce, "To ba shi ne sibirto ba?" Matar da ko harafin Turanci ɗaya ba ta sani ba! Ashe sibirto ɗin spirit ne a bakin Misirawa, barasar da ake zuba wa murhu. Shekara talatin ina kiran sunan abin nan kullum safiya, ina hura wuta da shi, ban taɓa haɗa biyun ba. Da na tambaye ta tun farko, a kicin ɗina amsar take.

Na hau mota zuwa Abbasiya wurin Ustaz Fadl, na zayyana masa komai. Ya ce, "Alhaji, haram haram ne, ba zan sassauta maka ba. Abin da ya faru a shekarar farko yana buƙatar istigfari. Amma sanin wuta da tukunya da abin da ke ruɓar da ruwa, wannan ilimi ne, kuma inda take yanzu ba laifi a ciki. Tambayata ɗaya: wa ya tura ta?" Na ce kuskure ne aka samu. Ya ce, "Aka samu? A hanya aka tsince shi?" Ya ƙara da cewa, "To mai turawa shi zai fara istigfarin."

Maganar da ta fi ci min rai ita ce wadda kika rubuta, wai in bar mutane su ɗauka ita ce. Ni Abdulwahab in ɓuya a bayan zanen 'yata? Ban taɓa cin guminta ba, ba zan ci mutuncinta ba.

Yau da aka sauko Juma'a na wuce rumfar Hamad, inda duk 'yan tsegumin Ashir suke taruwa. Na tsaya a tsakiya da takardar a hannu. Na ce, "Jama'a, ku ji da kyau. Kwas ɗin nan ni na zaɓa. Yarinya ta yi min gargaɗi sau biyu na kwaɓe ta. Ba ta sha ba, ba ta canza ba. Ni na karanta kalma ba daidai ba. Na yi kuskure."

Sai Hamad ya zaro waya ya ce, "Ya salam! Shekara ashirin muna tare ban taɓa jin wannan kalmar a bakinka ba. Don Allah maimaita in ɗauka." Na ce sau ɗaya ake yi, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Husam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ma'alish, Alhaji, wasa nake yi ranar nan." Na ce, "A'a, ai kwalbar farko ka nema, ga ta." Na buɗe masa ta Tasneem a hanci. Sai da ya lumshe ido.

Kwalbar nan, Lauratu. Wata bakwai a wuri mai zafi, ba tsami, ba gurɓata, kamar jiya aka tsinko furen. Ki gaya mata ta bar wutar ta yi yawa kaɗan a ƙarshen tatar, ina jin ɗan ƙauri can ƙasa, wanda ba kowa zai ji ba sai ni. In ban da wannan, tamam. A wasiƙata ta farko na ce ki nuna min wanda ya taɓa ce min "ga wannan ka ƙara". To an samu. A cikin safa ya zo.

Na soke tikitin. Ta kwance kayanta, ta yaga takardar janyewar, ta ƙarasa karatunta. Sharaɗina ɗaya, ɗakin dafa abin nan ko inuwarta kada ta sake shiga. Na buɗe waya, ta kira ni, zan ɗauka tun ƙarar farko. Akwai maganar da zan faɗa mata wadda ba ta shafe ki ba. Ki ba Widad haƙuri, na aika wa mahaifiyarta kwalba biyu.

Amma akwai abin da ya sake tayar min da jini a wasiƙarki ta ƙarshe. Hanyar gargajiya ta masu turaren Alƙahira? Wace gargajiya? Waɗanne masu turare? Murfin tukunyar nan mai wuya biyu, ni na zana shi a bayan kwali. Jiƙa furen a ruwan gishiri kafin a ɗora, ni na gano shi bayan na ƙona buhu arba'in. Ba kakan kowa ba ne ya bar mana. Yanzu Turawa za su ajiye littafin a ɗakin karatunsu, jikokinsu su karanta su ce gargajiya?

Ba zan yarda ba. Kafin ta miƙa aikin, a gyara. A shafin farko, ba a ƙarshe inda ake gode wa masu shara ba, a rubuta sunana cikakke: Abdulwahab Ilu Gumel. Ilu, ba Ilo ba, ki tsaya a kanta ta rubuta daidai. A ƙarƙashinsa a sa cewa shi ya ƙirƙiro hanyar, shi kuma ya tura ta wannan karatun bisa kuskuren karanta kalma ɗaya. A sa duka biyun, kada a cire ko ɗaya. Don ko a kuskuren ma, ba wanda ya taimaka min.

Yayanki,
Abdulwahab Ilu Gumel